Ɓeran da Ya Fita

Da Muhibbat ta sauko kicin da safiyar Alhamis, sai ta tarar da ɓeran zaune a tsakiyar ɗaki kamar shi ya gaji gidan. Fari ne sol, idonsa ja, gashin bayansa ya ɗan hargitse. Ta tsaya, shi ma bai motsa ba. Ta kasa kunne ta ji surukarta, Hajiya Asama'u, tana can sama tana lazimi, sai ta sunkuya ta cafko shi ta wutsiya ta cusa a aljihun rigar sanyinta. Ko yunƙurin gudu bai yi ba. Ita kuwa har da hamdala, a ganinta an yi mata sauƙi.

Ɓeran nata ne, ba irin na bango ba. Mijinta marigayi Uwaisu ne ya bar mata wannan gado. Mutum ne mai hankali a komai, ma'aikacin ƙaramar hukuma da ba ya wasa da salla, amma Allah ya jarabce shi da son halittun da kowa ke gudu. Wata rana ya shigo gidansu na unguwar Barking a ƙasar Turawa da wata 'yar mesa mai zanen baƙi da ruwan ƙasa, tsawonta bai wuce hannun babba ba, ya sa mata suna Gimbiya. Ta kuwa ci sunan, don ɓeran kanti da ake sayarwa a daskare ko kallonsa ba ta yi. Dole ya koma kiwon nasa a ɗan lungun ƙarƙashin matakala, cikin robobi masu murfin raga: ɗaya ta namiji da matansa, ɗaya ta masu jego, ɗaya ta waɗanda suka tasa. Muhibbat ta yi faɗa har ta gaji. Ta ce a duk zuriyarsu ba a taɓa jin wanda ya sayo wa ɓera abinci ba, sai ita da ta auro ƙaddara.

Sai Uwaisu ya faɗi a wurin aiki, bai sake tashi ba. Gimbiya ta daina cin abinci. 'Yarsu Afrah, wadda lokacin take shiga shekara goma sha uku, ita ma ta daina. Tana dawowa daga makaranta za ta zauna gaban akwatin gilas ɗin, ba magana, ba kuka, har wuyanta ya yi tsawo, siket ɗin makaranta ya koma sai an ɗaure da fil. An kai ta wurin likita, an kai ta wurin masu ba da shawara, an yi rubutu an aiko daga Kano, duk a banza. Ranar da Gimbiya ta ga dama ta cafke ɓera bayan watanni, a ranar Afrah ta leƙo kicin ta ce, "Mum, is there any rice?" Muhibbat ta zuba mata shinkafar, ta shiga banɗaki ta yi kukanta.

Tun daga nan ba ta sake zagin ɓeraye ba. Ta koyi sauya musu dusar katako kafin wari ya tashi, ta koyi raba maza da mata kafin su cika mata gida, ta san mai ciki da kallo ɗaya. Ba son su take yi ba, har gobe tsigar jikinta tana tashi. Abin da ta sani kawai shi ne muddin mesar nan tana ci, 'yarta tana ci.

Matsalar ita ce Hajiya. Mahaifiyar Uwaisu ta zo daga Kano a duba mata gwiwa, kuma ita mace ce da ko sunan maciji ba ta kamawa, sai dai ta ce igiyar ƙasa. Tana yarinya kububuwa ta sari ƙanenta a gona, ya cika a kan cinyarta kafin a kawo amalanke. Wa zai dubi wannan tsohuwa ya ce mata ɗanta ya bar maciji a gida, kuma ana kiwata masa ɓeraye? Uwaisu da kansa bai iya ba har ya koma ga Allah. Don haka ana gobe za ta sauka, uwa da 'ya suka kwashe komai suka kai ɗan ɗakin katakon da ke ƙarshen lambun bayan gida, suka ja waya suka kunna na'urar ɗumi, suka sa kwaɗo. A wannan jigilar ce murfi ɗaya ya goce, ɓera ɗaya ya sulale bayan kabad. Sun neme shi har sun haƙura.

Yau ga shi ya kawo kansa. Muhibbat ta fita lambu da shi cikin yayyafi. Ta tuna dokar Uwaisu, cewa ɓeran da ya fita ba ya komawa cikin 'yan'uwansa, don ba a san abin da ya kwaso ba. To, ba zai koma ba. Tunda yau Alhamis ce, ranar ciyar da Gimbiya, ai ga abinci ya samu. Ta yi bisimilla ta gama da shi a take yadda aka koya mata, ta sa shi a roba mai shuɗin murfi cikin ɗan firij ɗin da ke ɗakin. Saura aikin Afrah: in ta dawo makaranta ta ɗumama shi a ruwan zafi, ta miƙa wa Gimbiya da dogon hantsaki. Wannan aikin ba ta barin kowa ya taya ta.

Da ta koma kicin, Hajiya ta riga ta sauko tana dogara sandarta, tana bin gefen bango da kallo.

"Ina kwana, Hajiya. Ya ƙafar?"

"Da sauƙi, Maman Afrah." Ta sake duban gindin bangon. "Kicin ɗin nan yana son a riƙa jan kaya ana share bayansu."

"To, Hajiya."

Maganar ta tsaya wa Muhibbat a rai har ta fita. Ita da take goge gidan nan kamar za ta cire masa fata, yau ita ake koya wa shara. Ta haɗiye, ta ɗauki jakarta ta tafi kantin maganin da take aiki.

An tashe ta daga aiki da wuri, sai ta biya wani shagon kayan abincin gida a Old Kent Road don ta sayo wa Hajiya busasshen kifi da daddawa, tunda na gidan ya ƙare da saurin da ya ba ta mamaki. A cikin shagon ta yi kiciɓis da Memunatu, maƙwabciyarsu 'yar zangon Kumasi, wadda ke zuwa taya Hajiya hira da rana. Memunatu mace ce mai kirki, amma cikinta ba ya riƙe magana ko ta minti ɗaya.

"Maman Afrah, kai ma ka zo sayen kifi? Hajiya ya gama da wancan ko?" Ta yi dariya. "Yaya, abin ya mutu?"

"Wane abu?"

Memunatu ta rufe baki da hannu. "Ya ce kar na gaya maka fa."

"Ai kin riga kin fara. Wane abu?"

"Ɓera. Hajiya ya gani ɓera a kicin naka, fari, babba. Ya ce shi baƙo ne, ba zai buɗe baki ya ce gidan suruki nashi akwai ɓera ba, kai za ka ji kunya. Sai na raka shi shop, muka sayi magani, irin mai kamar alkama, shuɗi. Ya dama da kifi, ya sa bayan firij da ƙarƙashin sink. Mai shop ya ce ba ya kashewa nan take. Ɓera zai ci, ya ci, ya kwana biyu, jiki nashi ya yi laushi, sai ka gan shi ya fito fili ya zauna."

Muhibbat ta ajiye kifin a kan buhun gari. Ita mai aikin kantin magani ce, ba ta buƙatar a yi mata bayani. Maganin nan hana jini daskarewa yake yi, kuma ba ya tsayawa a cikin wanda ya ci, yana bin duk abin da ya cinye shi. Ta ga ɓeran a idonta, zaune a tsakar kicin, da hargitsattsen gashinsa. Ta ga robar mai shuɗin murfi. Ta dubi agogon shagon, ta ga an tashi makaranta.

Ta fito tana kiran Afrah. Wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ta sake. Ta rubuta mata da manyan baƙaƙe kada ta ba Gimbiya komai, saƙon ya tafi, ba a buɗe ba. Ta san dalili, kuma sanin ya fi rashinsa ciwo: duk ranar Alhamis Afrah tana kashe ƙarar wayarta tun a hanya, ta jefa ta kan kujera in ta shiga gida, don babanta ya ce Gimbiya ba ta cin abinci in ana hayaniya. Yarinyar da ba ta jin maganar uwarta a kan komai, maganar uban kuwa ta riƙe ta kamar karatun allo.

Bas ya zo ta shiga, ya yi taku kaɗan ya cije a cunkoso. Motoci jere har inda ido ya ƙare. Ta tsaya a bakin ƙofa tana duban keke yana wuce su, mai tafiya a ƙasa ma yana wuce su. Haushi ya cika ta, na Hajiya da kunyarta, na Memunatu da rakiyarta, na Uwaisu da ya tafi ya bar ta da wannan bala'i. Can ƙasan haushin kuma tsoro ne zalla. Ba mesar take tsoron rasawa ba. Wuyan Afrah take gani, da fil ɗin nan a jikin siket.

Hajiya kaɗai ce a gidan da za ta ɗauki waya. Ta daɗe tana duban sunan a waya kafin ta danna.

"Salamu alaikum, Hajiya. Afrah ta dawo?"

"Yanzu ta shigo. Ta gaishe ni a tsaitsaye, ta ɗebi ruwan zafi a kofi ta yi bayan gida. Ƙawar tawa kullum tana can, ban san me ta ajiye ba."

Muhibbat ta danna ƙararrawar bas. Direba ya buɗe ƙofa kusa da gada, ta sauka ta kama sauri zuwa tashar jirgin ƙasa, wayar manne a kunne.

"Hajiya, don Allah ki saurare ni, ki yafe mini. Ɓeran da kika sa wa magani namu ne, kiwon su muke yi. Na kama shi da safe ban sani ba. Yana hannun Afrah yanzu, za ta ba wa wata dabba. In ta ci, mutuwa za ta yi."

"Kiwon ɓera." Hajiya ta maimaita a hankali. "Wace dabba ce ke cin ɓera? Kyanwa gare ku?"

"A'a."

"To mece ce?"

"Maciji ne, Hajiya."



"A gidan nan?"

"A ɗakin katakon nan na baya. A cikin gilas take, ba ta fita. Ta Baban Afrah ce, shi ya bar ta. Hajiya, lokacin da ya rasu yarinyar nan ta daina cin abinci, ba mu gaya miki ba. Sai da abin nan ya ci sannan ta ci. In ya mutu ban san yadda zan yi da ita ba. Ki leƙa ta taga kawai ki ƙwala mata kira, ki ce ta dakata. Ba sai kin je ba."

Muhibbat ta ji an ajiye wayar a kan tebur, ta ji ƙwas, ƙwas, ƙarar sanda a kan tayil, ta ji an ja ƙofar baya. Daidai nan ta kai ƙasan matakalar tasha, layin ya ɗauke.

A cikin jirgi, a ƙarƙashin ƙasa, ba abin da za ta iya sai tunani, tunanin kuwa bai yi mata adalci ba. Me ya sa ta ce maciji? Da ta ce kyanwa ce. Ta san sandar nan, katako ne mai nauyi da ƙarfe a gindi. Ta san abin da mutumin Kano yake yi in ya ga maciji da sanda a hannunsa, balle wadda ƙanenta ya mutu a cinyarta. Wataƙila ta tsamo Gimbiya daga guba ta miƙa ta ga sanda, kuma a gaban idon Afrah. Wata Baturiya da ke kusa da ita ta tambaye ta ko lafiya, sai a lokacin ta lura a fili take salati.

Da jirgin ya fito sarari ta kira Hajiya, ba a ɗauka ba. Ta kira Afrah, haka. Ta yi ta kira har Barking. Daga tasha zuwa gida gudu ta yi, gyalenta a hannu, ba ruwanta da masu kallo.

Ƙofar kicin a buɗe take, iska tana kaɗa labule. Wayar Hajiya tana kan tebur. Ta fita lambun.

Hajiya tana zaune a ƙasa a bakin ɗakin katakon, a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa, ta miƙe ƙafar mai ciwo, ta fuskanci gabas. Kanta ba ɗankwali, furfurarta a waje, abin da Muhibbat ba ta taɓa gani ba tun da ta shigo gidansu. Ɗankwalin yana ɗaure tamau a damtsenta na dama. A bayan hannun akwai ɗige-ɗigen jini a jere, hannun kuma ya dunƙule farin ɓera, wutsiyarsa tana lilo. Sandar tana can yashe a gefe. Leɓunanta suna motsi da kalmar shahada.

Afrah tana durƙushe a gabanta tana kuka, da hantsakin har yanzu a hannunta. Ta bayansu Muhibbat ta hango akwatin gilas a rufe, Gimbiya ta naɗe a lungu ta cusa kanta cikin jikinta, lafiyarta ƙalau.

"Mum, she won't listen to me." Afrah ta share hanci, ta koma lalubo Hausar da ba ta cika amfani da ita ba. "Na buɗe glass. Gimbiya ta ɗaga kai, ta yi ready. Hajiya ta ce tsaya, ta zo da sanda. Na yi zaton za ta kashe ta, na tare ƙofa, na miƙa ɓera da sauri. Sai ta yar da sanda, ta sa hannu ciki ta ɗauke."

"Maman Afrah," in ji Hajiya, muryarta a kwance, ba ta juyo ba. "Kin iso. Karɓi wannan ki ƙona shi, kada wani abu ya ci. Sauran maganin yana bayan firij da ƙarƙashin wurin wanke-wanke, ki kwashe. Kasa ce, na ga zanenta. Kada ki wahalar da kanki da asibiti, na san yadda take yi. Ki ce wa Baha'uddeen a binne ni a nan kusa da yayansa, ba sai an kai ni gida ba."

Muhibbat ta zube a gabanta, ta kama hannun. Ya yi sanyi, yatsun sun fara kumbura saboda ɗaurin.

"Hajiya, ba kasa ba ce. Mesa ce, 'yar ƙarama. Ba ta da dafi ko kaɗan. Ni ma ta taɓa cizo na, ga tabon." Ta ja hannun riga ta nuna mata. "Wankewa kawai za a yi a sa magani. Wallahi ba abin da zai same ki."

Hajiya ta dubi tabon, ta dubi nata hannun. Ta daɗe tana dubawa. Sannan ta saki wani dogon numfashi, kafaɗunta suka sauka.

"To," ta ce. "Ashe da sauran kwana."

Muhibbat ta ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya ta zare ɓeran, ta naɗe shi a leda. Kunya da tausayi suka taru suka kama ta, har da ɗan haushi, don tsohuwar nan ta kusa tsayar mata da zuciya sau biyu a yini ɗaya.

"Hajiya, ai cewa na yi ki kira ta ta taga. Kina ganin kasa ce, me ya sa kika sa hannu?"

Hajiya ta juya ta dubi akwatin gilas ɗin, karo na farko ba tare da ta kau da kai ba. Uwaisu ɗanta ne na fari. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba, ko a gabansa ko a bayansa, ko ranar da aka bugo mata waya aka ce ya rasu. Yaron nan take cewa, daga baya ta koma Baban Afrah.

"Kin ce ta Uwaisu ce," ta ce.

Afrah ta ajiye hantsakin a ciyawa. Ta matso ta sa yatsu a ƙullin ɗankwalin tana kwancewa, ƙullin ya ƙi, ta sunkuya ta sa haƙori.